Lana Nusseibeh: Jakadiyar Daular Larabawa da siyasar gyaran kalma a Kwamitin Sulhu

A ranar Juma'a 22 ga Disamban 2023, bayan an shafe kusan mako guda ana ɗage zama ana sake sa rana, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 2720 a kan shigar da kayan agaji Zirin Gaza. Ƙasashe 13 suka goyi baya, Amurka da Rasha kuma suka yi rowar ƙuri'unsu, kowacce da nata dalilin: Amurka ta ce ƙudurin bai la'anci Hamas ba, Rasha ta ce an zare masa haƙora har ya zama ba shi da amfani. Wadda ta ɗauki nauyin daftarin tun daga farko, ta yi ta kai gwauro tana kai mari tsakanin wakilan Amurka da na Masar da na sauran ƙasashen Larabawa, ita ce Lana Zaki Nusseibeh, wakiliyar dindindin ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Majalisar a lokacin. Ita da bakinta ta amsa a zauren cewa rubutun bai kai yadda ake so ba, kuma tsagaita wuta ne kaɗai zai kawo ƙarshen wahalar mutanen Gaza. Kwana tara bayan haka wa'adin ƙasarta a kwamitin ya cika.

Duk inda aka gabatar da wannan mata, abin da ake fara faɗa shi ne ita ce mace ta farko da ta wakilci Daular a Majalisar Ɗinkin Duniya. Maganar gaskiya ce, amma ba ta kai mutum ko'ina. Wanda yake son ya san nauyinta sai ya koma ga takardun da ta rubuta da ƙuri'un da ta kaɗa, domin a nan ne ake ganin abin da ƙaramar ƙasa mai kuɗi take iya saye da diflomasiyya, da kuma inda kuɗin yake tsayawa. A fadar Hausa, jakadiya mace ce da ke ɗaukar saƙon sarki ta shiga da shi inda maza ba sa shiga. Ba ita ke ƙirƙirar saƙon ba, amma kowa a fada ya san cewa yadda ta tauna magana kafin ta furta shi yakan sa a karɓa ko a ƙi. Wannan tsohuwar ma'ana ta kalmar ta fi dacewa da aikin Lana Nusseibeh fiye da kowane kirari na zamani.

Sunan gidansu ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe. Dangin Nusseibeh na daga cikin tsofaffin gidajen Musulmi na Birnin Ƙudus, kuma suna danganta kansu da Nusaiba 'yar Ka'ab, wato Ummu Umara, sahabiyar nan ta ƙabilar Khazraj da ta tsaya da takobi a yaƙin Uhudu, wadda har yau ake raɗa wa 'ya'ya mata sunanta. Tsawon ƙarnoni wannan gida ne ke buɗewa da rufe ƙofar cocin da Kiristoci suka yi imani cewa a nan kabarin Almasihu yake, yayin da wani gidan Musulmi, gidan Joudeh, ke ajiye mabuɗin, saboda ɗarikun Kirista da ke raba cocin ba su yarda ɗaya daga cikinsu ya riƙe shi ba. Kakanta Anwar Nusseibeh ya yi minista a Jodan, ya kuma yi mata jakada a Landan. Mahaifinta Zaki an haife shi a Ƙudus a 1946, ya yi karatu a Cambridge, kuma a 1967, shekarar da Isra'ila ta kama gabashin birnin, ya nufi Abu Dabi, inda ya fara da aikin jarida kafin ya zama tafintan Sheikh Zayed bin Sultan, wanda ya haɗa masarautun suka zama ƙasa ɗaya a ranar 2 ga Disamban 1971. Wato ta tashi a gidan mutumin da sana'arsa ita ce juya maganar mai mulki daga wani harshe zuwa wani ba tare da ya zubar da ko ɗigo ba.

Ta karanta tarihi a kwalejin Queens' ta Cambridge, inda mahaifinta ya yi, sannan a 2003 ta yi digiri na biyu a makarantar SOAS da ke Landan a fannin nazarin Isra'ila da Yahudawan da ke warwatse a duniya. Wannan zaɓi, daga jikar gidan Ƙudus, shekaru 17 kafin ƙasarta ta ƙulla hulɗa da Isra'ila, ya zame mata jari daga baya. Ta yi ɗan aiki da hukumar UNESCO a Paris, ta yi bincike kan tsaro da ta'addanci a wata cibiyar nazari a Dubai, kafin ta shiga gwamnati.

Ta shigo ne a daidai lokacin da gwamnatin ke buɗe wa mata ƙofa da gangan. A 2004 aka naɗa Sheikha Lubna Al Qasimi ministar tattalin arziki, mace ta farko a majalisar ministoci. A 2006 Amal Al Qubaisi ta ci zaɓen shiga Majalisar Tarayya, wadda daga baya, a 2015, ta shugabance ta. A 2008 aka tura mata biyu jakadanci Sifaniya da Suwidin, aka kuma naɗa Reem Al Hashimy ƙaramar minista, wadda ita ce ta jagoranci neman bikin baje kolin duniya na Dubai. Akwai lissafi a bayan wannan. 'Yan asalin ƙasar ba su wuce kusan ɗaya cikin goma na mazaunanta ba, saura duk baƙi ne ma'aikata, kuma mata ne suka fi yawa cikin masu kammala jami'a. Ƙasar da take son cika ma'aikatunta da 'ya'yanta ba ta da halin ajiye rabinsu a gida.

Aikin da ya fara fito da ita shi ne neman a kafa hedikwatar hukumar makamashi mai sabuntawa ta duniya, IRENA, a Abu Dabi. Ita ce ta jagoranci ayarin ma'aikatar harkokin waje da ya yi wannan fafutuka, kuma a taron Sharm el-Sheikh na Yunin 2009 Abu Dabi ta yi nasara a kan Bonn da Vienna. Abin dariya a zahiri, ƙasar man fetur ta zama masaukin hukumar hasken rana da iska, amma darasin da ma'aikatar ta koya ya fi hedikwatar tsada: a irin wannan zaɓe ƙuri'ar ƙaramin tsibiri daidai take da ta Jamus, kuma wanda ya je ya gaida ƙananan ƙasashe ɗaya bayan ɗaya shi ke kwashe ƙuri'u. Bayan nan ta kafa sashen tsara manufofi na ma'aikatar, ta shugabance shi shekara uku a ƙarƙashin ministan harkokin waje Sheikh Abdullah bin Zayed, sannan a 2013 aka tura ta New York.

Shekarunta takwas na farko a can aikin share fage ne. Ta shugabanci hukumar gudanarwar sashen mata na Majalisar a 2017, kuma sau uku a jere ana ba ta shugabancin haɗin gwiwa na tattaunawar yi wa Kwamitin Sulhu garambawul, na ƙarshe a zamanin da Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, ɗan jihar Kebbi, yake shugabantar Babban Zauren, daga 2019 zuwa 2020. Wannan ita ce tattaunawar da Afirka ke kai kokenta na Yarjejeniyar Ezulwini ta 2005, wato kujeru biyu na dindindin da ikon hawa kujerar na-ƙi, waɗanda Najeriya ke sa ran ɗaya. Ba ta warware komai ba, kamar yadda waɗanda suka gabace ta da waɗanda suka gaje ta ba su warware ba, domin masu kujerun ba su da niyyar matsawa. Amma mai shugabantar irin wannan zama yakan san damuwar kowace ƙasa cikin 193, kuma a ranar 11 ga Yunin 2021 Daular ta samu ƙuri'u 179 ta shiga Kwamitin Sulhu na shekarun 2022 da 2023, tare da Ghana da Gabon da Brazil da Albaniya. Karo na biyu ke nan a tarihinta, bayan na 1986 zuwa 1987.

Yana da kyau a fahimci irin kujerar da ta hau. Kwamitin yana da mambobi 15, biyar na dindindin, goma na wa'adin shekara biyu. Ƙuduri ba ya wucewa sai da ƙuri'u tara, kuma sai idan babu ɗaya daga cikin biyar ɗin da ya hau kujerar na-ƙi. Bisa wata tsohuwar fahimta, a kullum akan samu ƙasar Larabawa ɗaya a ciki, ana karɓa-karɓa tsakanin ɓangaren Asiya da na Afirka: Kuwait, sai Tunisiya, sai Daular, sai Aljeriya. Duk wanda ya zauna a wannan kujera yana ɗauke da kaya biyu, na ƙasarsa da na Larabawa baki ɗaya, musamman batun Falasɗinu, kuma kayan biyu ba kullum suke tafiya hanya ɗaya ba.

Jarrabawa ta zo tun ba a zauna da kyau ba. A ranar 17 ga Janairun 2022 'yan Houthi na Yaman suka kai hari Abu Dabi da jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami, ma'aikata uku suka mutu, biyu 'yan Indiya, ɗaya ɗan Pakistan. Mahukuntan Daular sun ji cewa Amurka ba ta nuna damuwar da ta kamata ba, ga shi kuma gwamnatin Biden ta cire Houthi daga jerin 'yan ta'adda shekara guda kafin nan. Makonni biyar bayan haka Rasha ta auka wa Yukren. A ranar 25 ga Fabrairu aka kawo daftarin yin tir da mamayar, ƙasashe 11 suka amince, Rasha ta hau kujerar na-ƙi, uku suka ƙaurace: Sin, Indiya, da Daular Larabawa, ƙasar da sojojin Amurka ke da sansani a cikinta. Kwana biyu bayan haka ta sake ƙaurace wa wata ƙuri'ar a kan batun Yukren. Kashegari, 28 ga wata, kwamitin ya amince da ƙuduri na 2624 wanda ya kira Houthi ƙungiyar ta'adda ya kuma faɗaɗa takunkumin makamai a kanta, Rasha kuwa, wadda ta saba jan ƙafa a irin wannan, ta kaɗa ƙuri'ar amincewa. Jami'an diflomasiyyar Yamma da dama sun ce ba ni gishiri in ba ka manda aka yi. Daular ta musanta. Ni dai ina ganin ruwa ba ya tsami banza, kuma jerin kwanakin ya isa hujja ga mai lura. A ranar 2 ga Maris, a Babban Zauren, inda ƙuduri ba ya tilasta wa kowa komai, Daular ta bi sahun ƙasashe 141 da suka yi tir da Rasha. Babu mai tsammanin cewa jakadiya ce ta yanke wannan shawara ita kaɗai a New York. Daga Abu Dabi umarni ke zuwa, nata shi ne ta tsaya gaban manema labarai ta sa wa raba ƙafa rigar neman sulhu.

Inda hannunta ya fi fitowa shi ne riƙon alƙalami. A al'adar kwamitin, kowane batu yana da ƙasar da ke rubuta daftarin farko ta kuma jagoranci cinikin kalmomi, kuma Amurka da Birtaniya da Faransa ne suka kankane yawancin batutuwa, abin da ƙananan mambobi suka daɗe suna kuka a kai. A 2023 alƙalamin Afghanistan ya faɗo hannun Daular da Japan. A Disambar da ta gabata Taliban ta hana mata shiga jami'a da yin aiki a ƙungiyoyin agaji, Amina Mohammed, mataimakiyar babban sakataren Majalisar, ta je Kabul da Kandahar a Janairu ba ta samu sassauci ba, a Afrilu kuma haramcin ya kai ga matan Afghanistan da ke aiki da Majalisar kanta. A ranar 27 ga Afrilu kwamitin ya amince da ƙuduri na 2681 na yin tir da matakin, baki ɗaya, har da Rasha da Sin, ƙasashe fiye da 90 suka sa hannu a matsayin masu goyon baya. A shekarar da manyan ƙasashe ba sa ga maciji da juna saboda Yukren, samun hannu 15 a sama ba ƙaramin aiki ba ne, kuma kasancewar Musulma Balarabiya ce ke gabatar da shi ya toshe wa Taliban hanyar cewa Turawa ne ke yi wa Musulunci katsalandan. Sai dai Taliban ba ta janye komai ba. Haka ma ƙuduri na 2686 da ta rubuta da Birtaniya a watan Yuni kan kalaman ƙiyayya da haƙuri da juna: ya wuce baki ɗaya, Shehin Azhar ya yi jawabi, aka tafa, aka tashi.

Falasɗinu ce ta nuna iyakar wannan salo. A Fabrairun 2023, bayan gwamnatin Netanyahu ta halatta wasu matsugunan Yahudawa tara a Gaɓar Yamma, Daular ta shirya daftarin ƙuduri tare da Falasɗinawa. Amurka ta matsa, aka janye daftarin, aka musanya shi da sanarwar shugaban kwamiti, wadda ba ta da ƙarfin ƙuduri. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba da yaƙin Gaza da ya biyo baya, sai aka gwada ɗaya hanyar. Da Antonio Guterres ya yi amfani da sashe na 99 na kundin Majalisar ya ja hankalin kwamitin, Daular ta kawo daftari gajere mai neman a tsagaita wuta nan take, da goyon bayan ƙasashe kusan ɗari. A ranar 8 ga Disamba 13 suka amince, Birtaniya ta ƙaurace, Amurka ta kashe shi. Kwana uku bayan haka Lana Nusseibeh ta kwashi wakilan kwamitin zuwa Arish da mashigar Rafah ta ɓangaren Masar, su ga jerin motocin agaji da ke tsaye da idanunsu. Amurka ba ta tura kowa ba.

Daga nan aka shiga cinikin ƙuduri na 2720, kuma abin da ya faru da jimla ɗaya ya isa ya bayyana komai. Daftarin farko ya nemi a daina faɗa cikin gaggawa kuma dainawar ta ɗore. Amurka ta ƙi. Aka sauya zuwa dakatar da faɗa. Ta sake ƙi. A ƙarshe aka tsaya a kan ɗaukar matakan gaggawa na shigar da agaji da kuma samar da yanayin da zai kai ga daina faɗa, wato an mayar da umarni ya zama fata. Haka aka yi da batun binciken kaya: an so Majalisar ce kaɗai za ta duba motocin da ke shiga, abin da zai raba Isra'ila da wannan iko, sai aka ƙare da naɗa babban jami'i mai daidaita agaji, muƙamin da aka ba Sigrid Kaag ta Holan. Rasha ta kawo gyara don a mayar da tsohuwar kalmar, Amurka ta hau kujerar na-ƙi a kan gyaran.

Masu kare ta sun ce da babu gara ba daɗi, kuma wanda ya gwada cikakken rubutu a ranar 8 ga wata aka kashe masa ba za a zarge shi da tsoro ba idan ya koma ga wanda zai rayu. Masu suka sun ce ƙudurin ya ba Amurka mafita ne kawai, ta kauce wa kunyar sake kashe ƙuduri kuma ba ta rasa komai ba, yaƙin ya ci gaba, yunwa ta ƙaru. Ina ganin ɓangarorin biyu suna kallon zauren ne fiye da kima. Ƙarfin da Daular take da shi a kan Isra'ila ba a New York yake ba, yana cikin ofishin jakadancinta na Tel Aviv, da jiragen da ba su daina sauka ba, da yarjejeniyar ciniki, kuma wannan ƙarfi ba a taɓa shi ba. An bar wa jakadiya kalmomi ta yi yaƙi da su.

Akwai batun da ya fi wannan nauyi a kan sunan ƙasarta a Afirka. Yaƙin Sudan ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023, Daular tana zaune a kwamitin. A Janairun 2024 kwamitin ƙwararru na Majalisar ya ce akwai ƙamshin gaskiya a zargin cewa ana kai wa dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, makamai daga Daular ta filin jirgin Amdjarass da ke gabashin Chadi. Daular ta ce asibiti ta kafa a wurin da agaji, kuma ba ta goyon bayan kowane ɓangare. Sudan ta kai ƙara Kotun Duniya, kotun ta kore ta a ranar 5 ga Mayun 2025 bisa rashin hurumi, ba tare da ta duba gaskiyar zargin ko ƙaryarsa ba. Lana Nusseibeh, wadda ta bar New York a 2024 ta koma Abu Dabi a matsayin mataimakiyar minista kan harkokin siyasa, tana cikin manyan masu isar da wannan musu ga duniya. Ga wanda yake da dangi a Sennar ko Jazira, inda Hausawan Sudan suke da yawa kuma yaƙin ya tarwatsa garuruwa, iya maganarta ba zai zama abin sha'awa ba.

Haka nan idan ana jero nasarorin mata a Daular, akwai mai cewa in kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Rabin kujeru 40 na Majalisar Tarayya na mata ne tun 2019, amma majalisar ta shawara ce, rabinta naɗi ne, babu jam'iyyun siyasa, kuma a shekarar da aka tura Lana Nusseibeh New York aka yanke hukunci a shari'ar mutum 94 da aka zarga da yunƙurin kifar da gwamnati, shari'ar da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka yi tir da ita. Wannan bai mayar da jakadiyar ado ba, domin ado ba ya tara ƙuri'u 15. Abin da yake nunawa shi ne cewa ƙofar da ta shiga daga sama aka buɗe ta, kuma mai buɗewa ne ke faɗin iyakar ɗakin.

A farkon Satumban 2025, shekarar da aka ɗaga ta zuwa ƙaramar minista, ita aka ba saƙo mafi kaifi da Daular ta aika wa Isra'ila tun ƙulla hulɗa: haɗe Gaɓar Yamma da Isra'ila jan layi ne, kuma zai rusa ruhin Yarjejeniyar Ibrahim, wadda ta ƙulla hulɗar ƙasashen biyu. A nan ma kalma ce tushen rigimar. Sanarwar 13 ga Agustan 2020 da ta share fagen yarjejeniyar ta ce Isra'ila za ta dakatar da haɗe yankin, ba ta ce za ta soke ba, kuma tun a daren Netanyahu ya shaida wa mutanensa cewa shirin yana nan. Kafin ƙarshen watan Satumban, Donald Trump ya ce ba zai bari a yi haɗewar ba, amma a Oktoba majalisar dokokin Isra'ila ta amince da ƙudurin dokar hakan a karatun share fage. Lana Nusseibeh ta faɗi inda layin yake, ba ta faɗi abin da Abu Dabi za ta yi ranar da aka tsallake shi ba.